Maganin tsutsar ciki: shi ne zai sa yaro ya yi girma?

Maman Khalil: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu. Ɗan ƙanwata ne a ƙauye, watansa tara, cikinsa ya fito, hannuwa duk sun sirance, kuma tun da ya cika wata shida nauyinsa ya tsaya cak. Kakarsa ta ce macijin ciki ne, a je kemis a sayo maganin tsutsa. Yanzu uwar ta kira ni tana tambayar wanne za ta saya, kuma nawa za ta ba shi. Ban ba ta amsa ba tukuna.

Anti Nas: Wa alaikumussalam. Maman Khalil, don Allah ki kira ta yanzu ki ce ta dakata. Maganin tsutsar da ake rabawa, albendazol ko mebendazol, daga shekara ɗaya ake fara shi. Haka yake a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2017: ɗan wata 12 zuwa 23 rabin ƙwayar albendazol, wato miligiram 200, daga shekara biyu kuma ƙwaya guda, miligiram 400. Ɗan wata tara ba ya ciki. Ko da an ga tsutsar ta fito a kashinsa, likita ne zai duba ya ce ga abin yi, ba mai kemis ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne nauyin da ya tsaya wata uku. A kai shi asibiti mafi kusa, ko da sha-ka-tafi ne, a ɗora shi a sikeli, a ɗaura masa tef ɗin nan mai launi uku a damtse. In ya faɗa a ja, ƙasa da santimita 11.5 ke nan, tamowa ce mai tsanani. Kafin su tafi ma, uwar ta danna babban yatsanta a bayan ƙafafunsa biyu ta ƙirga uku. In ta ɗaga gurbin yatsan ya zauna, kumburi ne, kada su kwana a gida. Yana shan nono? Me yake ci? Yana gudawa?

Maman Khalil: Yana sha, amma ta ce nonon ya ragu. Abinci kuwa koko ne safe da yamma, sai in ana cin tuwo a lasa masa miya. Gudawa tana zuwa tana tafiya, sun ce haƙori ne.

Anti Nas: To kin ji inda matsalar take. Kokon da ake damawa tsararo don ya bi ta bakin kofi ruwa ne ya fi yawa a ciki. Cikin jariri ɗan ƙarami ne, ya cika ya ƙoshi, alhali babu abin da ya shiga jikinsa. Ɗan wata tara yana bukatar ci sau uku zuwa huɗu a rana bayan nono, kuma kunun ya yi kaurin da zai zauna a cokali ba tare da ya zube ba. Ta zuba masa garin gyaɗa ko dakakken ƙuli-ƙuli, ko garin soyayyen waken suya, da ɗan manja. In akwai ƙwai a dafa a marmasa masa, in akwai busasshen kifi a daka. Zogale kuwa na san ba za a rasa a gidan ba. Ta yawaita ba shi nono, don tsotson ne ke kawo ruwan, ita ma kuma ta ci ta ƙoshi.

Maganar haƙori kuma, haƙori ba ya kawo gudawa. Lokacin fitowarsa ne ya zo daidai da lokacin rarrafe, yaro na bin ƙasa, duk abin da hannunsa ya kama sai baki. Gudawar nan a ba shi ruwan gishiri da sukari na leda, da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14.

Maman Khalil: Na gode Anti, Allah ya saka da alheri. Bari in kira mijin nata ma, don shi ne zai kai su.

Hajiya Inna: 'Ya'yana, ina karanta ku. Ni dai kada a mayar da maganar kakar nan ta banza. Mu mun ga macijin ciki da idanunmu. Akwai jikana da ya kai shekara uku, kullum ciwon ciki, ba ya cin abinci, sai kwanciya. Wata rana da dare ya yi amai, sai ga abu fari ya kai kamu ɗaya yana motsi a kan tabarma. Aka ba shi magani, washegari ya yi ta fitar da su a dunƙule. Cikin sati biyu yaron nan ya koma cin abinci har yana neman ƙari. Wanda bai gani ba ne zai ce tsutsa ba ta hana yaro girma.

Anti Nas: Hajiya, gaskiyarki, kuma ba wanda zai musa miki. Yaron da tsutsa ta yi wa yawa tana cinye masa abinci, tana kashe masa sha'awar ci, wani lokaci har ta toshe hanji sai an yi aiki. Jikanki shekararsa uku, ya daɗe yana wasa a ƙasa, sun samu lokacin taruwa. Wannan na Maman Khalil kuwa bai daɗe da fara rarrafe ba, kuma abin da aka faɗa game da abincinsa ya isa ya tsayar da nauyinsa ko babu tsutsa ko ɗaya. Tsorona shi ne a ba shi ƙwaya a koma a zauna ana jira, wata biyu su wuce.

Hajiya Inna: To na fahimta, 'yata. Allah ya ba shi lafiya.

Abu Hanif: Anti, tunda an buɗe zancen, ku ba ni dama in faɗi wani abu da ke damuna tun da muka karanta shi a makaranta. Mutane da yawa, har da ma'aikatan lafiya, suna gaya wa iyaye cewa maganin tsutsa zai sa yaro ya yi ƙiba ya yi tsawo. Binciken da aka yi bai nuna haka a kan yawancin yara ba. A jihar Uttar Pradesh ta Indiya an bi yara kusan miliyan ɗaya har shekara biyar, ana ba wasu albendazol duk wata shida, wasu ba a ba su. Da sakamakon ya fito a 2013, ba a ga wani bambancin kirki a nauyinsu ba. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwaje ta auna su tare, ta duba wannan batu a 2015 ta sake dubawa a 2019. Abin da ta samu: in aka ba yaran gari gaba ɗaya, matsakaicin nauyi da tsawo da yawan jini ba sa canzawa sosai, ko ma ba sa canzawa. In kuwa yaron da aka tabbatar yana da tsutsa aka ba, yana iya ƙara nauyi. Wato labarin Hajiya gaskiya ne, amma labarin yaro mai tsutsa da yawa ne, kuma irinsu su ne 'yan kaɗan a kowane gari.

Malam Hedimasta: Ɗana, na ji bayaninka, amma ka yi hattara da yadda kake faɗinsa a gaban iyaye. Shekaru muna fama kafin mutane su yarda a ba 'ya'yansu wannan magani a makaranta. Ranar rabo akwai uban da ke zuwa ya janye yaransa daga layi. Yau in suka ji mai karatun lafiya ya ce ba ya ƙara komai, gobe aji zai zama wayam. Kuma ni ma na san wani bincike. A Busiya ta ƙasar Kenya, Edward Miguel da Michael Kremer sun nuna cewa rabon maganin a makarantu ya rage fashin zuwa makaranta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A 2004 aka buga shi, kuma Kremer ɗin nan ya samu kyautar Nobel a 2019. Ni da nake riƙe da rajista na san abin da ciwon ciki ke yi wa zuwan yara.

Abu Hanif: Ranka ya daɗe, ban ce a daina ba, kuma ba zan ce ba. Maganin yana da araha, ba ya da wata illa mai yawa, kuma raba wa kowa ya fi sauƙi a kan a ce sai an gwada kashin kowane yaro. Binciken Kenya kuma a kan 'yan makaranta ne, a yankin da kusan kowane yaro yana ɗauke da tsutsa, kusa da Tafkin Biktoriya. An ma yi ta jayayya a kansa a 2015 da wasu masana suka sake lissafin. Wasu kuma suka sake duba lissafin Cochrane suka ce akwai ɗan ƙarin nauyi a inda tsutsar ta yi yawa. Duk na yarda. Ni maganata a kan jarirai ce da 'yan ƙasa da shekara biyu, don a nan ne tsumburewa ke kama yaro, daga ɗaukar ciki zuwa cikarsa shekara biyu. Wanda ya tsumbure a wannan lokaci da wuya ya cike giɓin daga baya.

Ku duba wannan ma. A Najeriya tsutsar ciki ta fi yawa a kudu, inda ƙasa ke da laima kusan duk shekara, don ƙwayayenta ba sa jure zafi da bushewa irin namu. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna tsumburewar yara kashi 37 cikin ɗari ne a ƙasa baki ɗaya, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Kebbi 66, Jigawa 64, Katsina 61. Da tsutsa ce babbar mai hana girma, da kudu za ta fi mu tsumburarrun yara. Mu ne muka fi su nesa ba kusa ba.

Malam Hedimasta: Wannan lissafin ya taɓa ni. Amma ina nan a kan bakana: a gaban iyaye a fara da cewa su karɓa, sannan a yi sauran bayanin.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Mu ma nan wajenmu haka abin yake. Maraɗi da Damagaram su ne rumbun hatsin Nijar, kuma su ne kullum a gaba wajen tamowa. Ana zagayawa da bitamin A da maganin tsutsa, mata suna karɓa. Amma ka shiga gida da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, uwa tana gona tun safe, jariri yana hannun yayarsa 'yar shekara bakwai da kwanon fura tsararo. Ga masassarar sauro a daidai wannan lokaci tana shanye ɗan jinin da ya rage. Ƙwaya ɗaya a wata shida me za ta yi da wannan?

Baban Zahra: Ni manomi ne, bari in faɗi yadda na fahimci zancen, ku gyara mini. Kamar nome ne da taki. Dole ka cire ciyawa, kuma ka san za ta sake fitowa, wannan bai sa ka daina nome ba. Amma gonar da ba ta da taki, ko sau goma ka nome ta ba za ta ba ka dami ba. Tambayata ita ce, daga ina tsutsar ke dawowa bayan an sha maganin?

Anti Nas: Baban Zahra, ka fahimta sarai. Daga ƙasa take dawowa, kuma daga kashin mutane ta shiga ƙasar. Macen macijin ciki guda ɗaya tana zuba ƙwai wajen 200,000 a rana, duk suna fita a bayan gida. Ido ba ya ganinsu. In suka samu inuwa da laima sai su yi shekaru a raye. Yaro ya dafa ƙasa ya sa hannu a baki, ko a wanke latas da ruwan kwata a yi kwaɗo, shi ke nan sun koma. Shi ya sa a inda ba a gyara komai ba, kafin shekara ta zagayo yawan masu macijin ciki ya kusa komawa yadda yake kafin rabo.

Kuma ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai ƙugiya, wadda 'ya'yanta ke huda fatar ƙafa in ana tafiya ba takalmi a ƙasa mai danshi, ta je ta maƙale a hanji tana tsotsar jini. Ita ce ke sa yaro da mai ciki su yi fari fat. Akwai wata siririya mai zama a babban hanji, wadda ƙwaya ɗaya ta albendazol ba ta cika kashe ta ba. Sannan akwai abin da ba tsutsa ba ne sam, ƙwayar cuta ce da ake kira jiyardiya, tana zuwa ta ruwan sha, tana sa gudawa mai kumfa da wari da kumburin ciki. Ita ta fi kama ƙananan yara da wuri, kuma an ga alaƙarta da rashin tsawo. Maganinta daban ne, ƙwayar rabon nan guda ɗaya ba ta isar mata.

Abin da na fi gani a gidaje shi ne kashin yara. Babba zai shiga masai, amma yaro sai ya tsuguna a tsakar gida ko bayan ɗaki, a zo a kwashe da ledar ko da kara a jefa bola, a watsa ƙasa a wurin. Anjima ƙaninsa ya rarrafo ta daidai nan. Ana ganin kashin yaro ba komai ba ne, alhali shi ya fi ɗauke da ƙwayayen. A samar wa yaro fo na roba ya riƙa yi a ciki. A zuba a masai, a wanke hannu da sabulu, in babu a sa toka.

Ummu Hafsa: Anti, wallahi wannan haka yake a gidanmu. Gidan yawa ne, yara sun fi goma, fo guda ɗaya. Ga kaji da awaki a tsakar gida ɗaya da yaran.

Baban Zahra: To ai Jigawa an ce an daina bayan gida a fili tun 2022, ita ce jiha ta farko da aka ba wannan shaida. Ke nan yaransu za su miƙe?

Abu Hanif: Baba, ina fata, amma a nan ma sai an yi haƙuri da abin da bincike ya nuna. An yi manyan gwaje-gwaje uku a karkarar Bangaladash da Kenya da Zimbabuwe, sakamakonsu ya fito a 2018 da 2019. An gina wa gidaje masai, an ba su sabulu da maganin tace ruwa. A wasu wuraren tsutsa da jiyardiya sun ragu, amma tsawon yaran bai ƙaru ba. Waɗanda suka ɗan ƙara tsawo su ne waɗanda aka ba ƙarin abinci mai gina jiki daga wata shida, kuma shi ma ƙarin ba mai yawa ba ne. Masu binciken da kansu suka ce gyaran da aka yi bai kai ya raba jariri da ƙazanta ba, don yana nan yana rarrafe cikin kashin kaji, kuma maƙwabta ba su gyara nasu ba. Hanjin yaron da kullum yake haɗiyar ƙazanta yana kumbura a hankali, ya kasa tsotse abincin da aka ba shi, ko da ba ya gudawa. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne masai kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da abinci, da kuma raba inda yaro ke wasa da inda dabbobi ke kwana.

Baban Zahra: Wannan na ƙarshen aikinmu ne mu maza. Kara da igiya kawai ake bukata a yi wa awaki shinge. Kuma in faɗi gaskiya, ƙwan da kajin gida ke yi kasuwa muke kai shi, ko a bar wa kaza ta kwanta. Ban taɓa jin an ce a ajiye ɗaya saboda mai rarrafe ba.

Sani Mai Shayi: Ni fa tambayata daban ce, kada a ji haushi. Me ya sa wannan maganin kullum kyauta ne, har gida ake biyo mutum da shi, amma in yaro ya kwanta ka kai shi asibiti sai an ce ka sayo allura? Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin sanƙarau na 1996 ba.

Anti Nas: Malam Sani, babu haushi, tambaya ce da ta cancanci amsa, kuma abin da ya faru a 1996 ya faru. Bambancin shi ne wancan sabon magani ne ake gwadawa. Albendazol kuwa ya fi shekara arba'in ana shan sa a duniya, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma shi ne dai wanda kake saye da kuɗinka a kemis da sunan Zentel. Na makarantu kamfanonin da ke yin sa ne ke bayar da shi gudummawa, GSK albendazol, Johnson & Johnson mebendazol. Ƙorafinka na rashin magani a asibiti kuwa ina tare da kai, ni ce nake tsaye a gaban uwa ina rubuta mata abin da na san ba ta da kuɗinsa. Amma kada haushin wancan ya sa a hana yaro wannan.

In lokacin makon lafiyar mata da ƙananan yara ya zo, sau biyu ake yi a shekara, ku kai su. Daga wata shida akwai bitamin A, daga shekara ɗaya a haɗa da maganin tsutsa, a kuma auna damtse. Roƙona ɗaya ga iyaye da masu rabo: ɗan ƙasa da shekara uku a murƙushe masa ƙwayar a cokali da ɗan ruwa. Kada a toshe masa hanci, kada a ɗura masa yana kuka yana fizge-fizge, don ƙwarewa ita ce haɗarin gaske a wannan magani. In ya ƙi, a bar shi ya huce.

Malam Hedimasta: Wannan zan faɗa wa malamaina, don wani lokaci yara kan zo da ƙannensu ranar rabo.

Ummu Hafsa: Anti, ni kuma fa? Ina da ciki wata biyu, kuma a cikin da ya wuce an ce jinina ya yi ƙasa sosai, yaron ma ya zo ɗan ƙarami. In sha maganin tsutsar yanzu?

Anti Nas: A'a Ummu Hafsa, ba a sha a wata ukun farko. Ki fara zuwa awo tun yanzu, kada ki jira ciki ya fito, ki gaya musu abin da ya faru a na baya don su auna jininki. Za su ba ki maganin ƙarin jini ki riƙa sha kullum, in kin shiga wata na huɗu a fara miki na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, a lokacin ne kuma za su duba ko a haɗa miki da na tsutsa. Ki riƙa sa takalmi in za ki bayan gida ko lambu, kuma ki kwana cikin gidan sauro.

Ummu Hafsa: To Anti. Ranar Talata ake awo a wajenmu, zan je in sha Allahu.